Dila a Kujerar Gaba, Mashayi a Bakin Ƙofa

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako wani al'amari ne da ya same ni a bakin aiki, wanda har yau bai bar zuciyata ta huta ba.

Wata Asabar da yamma, bayan na sallami 'yan ajin baftisma, sai ga wata dattijuwa daga cikin zumuntar mata ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi shigowa har sai da kowa ya watse. Da muka gaisa ta ce, "Malam, maganar ɗanka ce ta kawo ni." Yaron kuwa ni na koya masa Dokoki Goma da Addu'ar Ubangiji, yanzu ya zama saurayi yana aikin lebura a wuraren gini. Ta kwance bakin zanenta ta nuna mini fallen tiramol da ta tsinta a aljihun wandonsa. Ta ce ya riga ya sayar da injin markaɗenta, wanda da shi take ciyar da gida tun rasuwar mijinta. Na ce, "Mama, yaushe kika fara ganin alama?" Ta ce an fi shekara. Na ce, "To, me ya hana ki faɗa tun da wuri?" Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Tsoro na ji kada a sanar a majami'a, a sa shi ƙarƙashin horo, in rasa inda zan sa fuskata."

Jama'a, ku dubi wannan magana da kyau. Uwa ta fi shekara tana ɓoye ciwon ɗanta, domin kunyar ikkilisiya ta fi ba ta tsoro fiye da ƙwayar da ke cin ransa. Ba a yi wata guda ba kuma aka gayyace ni wata gidauniyar ginin majami'a a wani gari, na tarar babban baƙon da aka zaunar a kujerar gaba mutum ne da kowa a unguwar ke raɗa a kan sana'arsa. Ya yi alkawarin buhunan siminti, aka yi guɗa, aka yi masa doguwar addu'a. Tun daga ranar nake cewa mun juya al'amarin nan kai a ƙasa. Mai sayar da guba muna shimfiɗa masa darduma, wanda gubar ta kayar kuwa muna rufe masa ƙofa. Wannan shi ne abin da nake so mu tattauna, amma bari mu fara da yadda masifar ta shigo mana.

Shekaru da yawa mun yi ta kwantar wa kanmu da hankali da cewa Nijeriya zango ce kawai. Watau ba a yin hodar iblis a nan, daga Kudancin Amurka take fitowa, ƙasashe irin su Kolombiya da Peru da Bolibiya. Hiroyin kuma daga Asiya. Kayan sukan sauka a Legas ko wata tashar Afirka ta Yamma, su kwana, su wuce Turai da Amurka. Sai muka ce ai ciwon na Turawa ne, mu dai hanya aka bi ta kanmu. A 2008 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa tan 50 na hodar iblis ke ratsa Afirka ta Yamma kowace shekara. A Nuwamban 2009 aka tsinci ƙonannen jirgin sama ƙirar Boeing 727 a cikin hamada arewa da Gao a ƙasar Mali, wanda aka yi imani hodar ya kawo. A Afrilun 2013 jami'an Amurka suka kama tsohon shugaban sojojin ruwan Gini Bisau, Bubo Na Tchuto, a kan teku. A Janairun 2022 'yan sandan Nijar suka kama kilo 214 na hodar a cikin motar magajin garin Fachi, a yankin Agadas. A Satumban wannan shekara kuma hukumar NDLEA ta gano fiye da tan 1.8 a wani gidan ajiya a Ikorodu, jihar Legas.

Amma duk wanda ya san zangon fatake na dā ya san ayari ba ya tashi ya bar wurin yadda ya same shi. Mai masauki sai an biya shi, ɗan dako sai an biya shi, mai gadin ƙofa ma sai an ba shi nasa. Manyan masu safara sau da yawa ba sa biyan yaransu da kuɗi, da wani kaso na kayan suke biya. Wanda aka biya da hoda kuwa ba shi da hanyar kai ta Landan, dole ya nemi mai saye a unguwarsu, in babu mai saye ya koya wa wani sha. Haka kasuwa ke tsirowa a inda dā babu. Bayan haka, ƙofar da cin hanci ya buɗe a tashar jirgin ruwa ko a kan iyaka ba ta tambayar irin kayan da ke wucewa. Yau hoda ce mai zuwa Turai, gobe kwantena ce cike da tiramol daga Indiya, wani ya wuce Agadas zuwa Libiya, mafi yawa ya watsu cikin kasuwanninmu. Hukumar NAFDAC ta amince ne da tiramol mai ƙarfin miligiram 50 da 100 bisa rubutun likita, amma wanda ke hannun samarinmu mai 200 ne ko 225. Har mun wuce matsayin zango mun koma masu haɗawa, domin a 2011 aka gano wurin dafa ƙwayar da ake kira ais a Legas, a 2016 kuma aka gano wani babba a Asaba, har da 'yan ƙasar Meksiko huɗu a ciki. Tabar wiwi kuwa a dazuzzukan Ondo da Edo da Delta ake nomanta.

Kwamitin da marigayi Kofi Annan ya kafa, wanda tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo ya jagoranta, ya faɗi wannan gaskiya ƙarara a rahotonsa na 2014, cewa Afirka ta Yamma ta daina zama mashigi kawai, ta zama wurin sha. Sai binciken ƙasa da Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya zo da alƙaluman da suka kamata su hana mu barci. Mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, watau kashi 14.4 cikin 100, alhali matsakaicin duniya a lokacin bai kai kashi 6 ba. Miliyan 10.6 masu shan wiwi ne, miliyan 4.6 masu shan irin su tiramol, miliyan 2.4 masu shan maganin tari. Ɗaya cikin kowane mashaya huɗu mace ce. Shiyyar Arewa maso Yamma kaɗai tana da kimanin mutum miliyan 3. Kada wani ya ce waɗannan duka 'ya'yan wasu ne. Ƙwaya ba ta tambayar sunan baftisma, a cikinsu akwai 'yan ƙungiyar mawaƙa, akwai 'ya'yan dattawan ikkilisiya, akwai ma 'ya'yan fastoci.

To, ina hukuma? Kada a ce ba ta yi komai ba. A ranar 10 ga Afrilu, 1985, gwamnatin soja ta harbe samari uku a Kirikiri a ƙarƙashin Doka ta 20 ta 1984, dokar da aka mayar da ita baya ta kama laifin da aka yi kafin a kafa ta. An soke hukuncin kisan a 1986. A ƙarshen 1989 aka kafa NDLEA da Doka ta 48. A 1990 aka ƙara Doka ta 33, wadda ta ce duk ɗan Nijeriya da aka ɗaure a waje saboda ƙwaya, in ya dawo zai ƙara shekara biyar domin ya ɓata sunan ƙasa. Duk da haka a 1994 Amurka ta sa mu cikin jerin ƙasashen da ba sa ba da haɗin kai wajen yaƙi da safarar. A ranar 1 ga Mayu, 2018, kwana ɗaya bayan BBC ta nuna yadda maganin tari mai kodin ke fita ta bayan gida daga kamfanoni, gwamnati ta hana yinsa da shigo da shi. Tun da aka naɗa Janar Buba Marwa a Janairun 2021 kame ya ƙaru ƙwarai, har a 2022 hukumar ta gurfanar da wani babban jami'in 'yan sanda gaban kotu bisa zargin hannu a cinikin hoda. A Mayun 2024 Majalisar Dattawa ta sake ɗauko maganar hukuncin kisa.

Ni ba na cikin masu raina wannan aiki. Jami'ai da dama sun rasa rayukansu a dajin wiwi da kan hanya, kuma wanda ya ƙi karɓar miliyoyi alhali albashinsa bai kai masa ƙarshen wata ba ya cancanci mu riƙa ambatonsa cikin addu'a. Mai safara ya cancanci hukunci mai tsanani, domin da saninsa yake sayar da mutuwa. Amma shekara 40 bayan harbin Kirikiri, mu faɗi gaskiya, bindiga ba ta tsayar da kasuwar ba. An toshe kodin, samari suka ƙara dukufa a kan tiramol. Aka matsa wa tiramol, sai ga wata sabuwar ƙwaya mai haɗin tapentadol, wadda a Fabrairun 2025 BBC ta bi sawunta har wani kamfani a Mumbai, gwamnatin Indiya ta hana yinta. Muddin akwai mai saye, kuma akwai mai karɓar na goro a bakin ƙofa, wani kaya zai maye gurbin wani. Galibi kuma waɗanda ke shiga hannu su ne ƙananan 'yan aike. A Afrilun 2015 Indonesiya ta harbe 'yan Nijeriya huɗu, waɗanda suka aike su kuwa ba mu ji labarinsu ba. Marasa laifi ma suna shan wahala. A ƙarshen 2018 aka tsare wata ɗaliba daga Arewa a Saudiyya saboda jakar ƙwaya da wasu miyagu suka liƙa wa sunanta a filin jirgin sama, sai bayan wata huɗu gaskiya ta fito aka sake ta.

Akwai kuma inda dokar kanta ta haɗa ɓarawo da wanda aka yi wa sata. Dokar NDLEA ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu yana riƙe da hodar iblis ko makamantanta, ko yana sha. Yaron da ya fara haɗiyar ƙwaya domin ya iya ɗaukar bulo daga safe har yamma, in aka jefa shi kurkuku tare da riƙaƙƙun masu laifi, da me zai fito? Binciken da na ambata ya nuna ɗaya cikin mashaya biyar jikinsa ya riga ya kamu, ba ya iya bari don kansa, kusan mutum miliyan 3 ke nan. Likitoci sun bayyana cewa irin waɗannan ƙwayoyi suna sauya aikin ƙwaƙwalwa, har adadin da ya ishi mutum jiya ba ya isarsa yau, in ya rasa kuma sai zufa da ciwon gaɓoɓi da gudawa da rashin barci. Tiramol mai yawa yana kawo farfaɗiya, yana iya tsayar da numfashi. Wannan ciwo ne da ke bukatar asibiti. Wuraren jiyya kuwa kaɗan ne, irin su asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, kuɗin kwanciya kuma ya fi ƙarfin gwauruwa mai injin markaɗe.

Da iyaye suka rasa mafita, sai suka koma ga sarƙa. A Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutane kusan 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa. Kada mu yi saurin nuna yatsa, domin rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a Nuwamban wannan shekara ya nuna ana ɗaure marasa lafiya da sarƙa a gidajen addu'a na Kirista ma, kamar yadda ake yi a na Musulmi da na masu maganin gargajiya. Mu da muke karanta Markus sura 5 ya kamata mu fi kowa sanin cewa sarƙa ba ta warkarwa. Mutanen ƙasar Garasinawa sun ɗaure mutumin nan sau da yawa, yana tsinkewa. Da Ubangiji ya zo sai ya tambayi sunansa, ya warkar da shi, ya kuma mai da shi gida wurin danginsa. Abin mamaki, mutanen garin sun fi damuwa da asarar aladunsu fiye da ɗan'uwansu da ya dawo cikin hankalinsa. Ina tsoron kada mu ma siminti ya fi mana mutum daraja.

Wani dattijo ya taɓa ce mini, "Malam, kai ne alƙali? Ka ga lokacin da ya sayar? Kuɗi ai ba su da wari." Maganarsa tana da ƙanshin gaskiya ta wani gefe, domin ba daidai ba ne a ɓata sunan mutum bisa jita-jita, kuma ba kowane mai arziki ne dila ba. Amma tsakanin yanke hukunci da ɗaukaka mutum akwai tazara. Ba wanda ya ce a kore shi daga sujada, ƙofar majami'a a buɗe take ga kowane mai zunubi, da ni da kai. Abin da nake cewa shi ne, kafin a ba mutum kujerar gaba, ko sarautar ikkilisiya, ko a sa sunansa a jikin bango, dattawa suna da iko su je gidansa cikin sirri su tambaye shi sana'arsa. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta riga ta tsawata mana a kan ba mai zoben zinariya wuri mai kyau, a bar matalauci a tsaye. A Matiyu sura 27 kuma, manyan firistocin da suka ƙulla kisan Ubangiji, su da kansu sun ƙi zuba azurfar Yahuza cikin baitulmalin Haikali domin kuɗin jini ne. In waɗannan sun iya ƙi, mu wane uzuri gare mu? Zakka mai karɓar haraji ya sami ceto, amma tubansa ya zo da mayar da abin da ya ƙwata. Dilan da ya tuba da gaske, alamar farko ita ce ya rufe shagon.

Yaro yana da ido. In ya ga malaminsa na makaranta yana zuwa sujada da tsohon keke ba wanda ya kula, wanda ya yi kuɗi dare ɗaya kuwa ana tashi tsaye dominsa, to ya riga ya ɗauki darasi wanda ya fi duk abin da na koya masa a aji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wasu kuma za su ce in aka sassauta wa mashayi an ɗaure wa zunubi gindi. Ban ce shaye-shaye ba zunubi ba ne, ban kuma ce a yar da horon ikkilisiya ba. Amma manufar horo ita ce a komo da mutum. Horon da ke sa uwa ta ɓoye ɗanta shekara guda har ya kusa mutuwa ya kauce daga manufarsa. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A misalin ɗan nan da ya ɓace, cikin Luka sura 15, uban tun daga nesa ya hango shi ya sheƙa a guje, bai jira ya yi wanka ba tukuna.

Saboda haka ina roƙon shugabanninmu, fastoci da limamai da dattawa, da a duba waɗannan abubuwa. Kowace ikkilisiya ta keɓe mutum biyu ko uku masu riƙon asiri, mace da namiji, waɗanda iyaye za su iya zuwa wurinsu ba tare da maganar ta hau bagade ba. Muna da nas-nas da masu haɗa magani da likitoci a cikinmu, a ba su lokaci a taron matasa da na zumuntar mata su yi bayani, domin mata da yawa ba su san kamannin ƙwayar ba ko sun gan ta. A cire wani abu daga baikon godiyar kaka a ajiye domin kai irin waɗannan yara asibiti, addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, Luka da ya rubuta Bishara ma likita ne. Wanda ya dawo daga jiyya a nema masa abin yi, a kuma haƙura da shi in ya sake faɗuwa, domin sau da yawa sai an faɗi an tashi kafin a tsaya. 'Yan'uwanmu masu kantin magani su ji tsoron Allah, su daina miƙa wa yaro ƙwaya ba takardar likita. Waɗanda ke aikin kwastan da 'yan sanda da NDLEA kuma su tuna da abin da Yahaya Maibaftisma ya gargaɗi sojoji a kai, na barin ƙwace da gamsuwa da albashi. Mu kuma haɗa hannu da maƙwabtanmu Musulmi da masu unguwanni, gama dilan da ke bayan layi bai ware ɗan kowa ba, abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe.

Ga gwamnati kuma, roƙona shi ne a raba hukuncin mai safara da na mashayi, a bi manya da dukiyarsu, a kuma ƙara wuraren jiyya masu sauƙin kuɗi a kowace jiha. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023 kada ta tsaya a takarda.

Game da yaron nan, mun kai shi asibiti da taimakon wasu mata uku na zumunta waɗanda suka haɗa kuɗi ba tare da sun faɗa wa kowa ba. Ya yi makonni, ya dawo, ya sake faɗuwa sau ɗaya, yanzu kuma yana ƙoƙari. Ban san yadda ƙarshen zai kasance ba, yana hannun Allah. Ranar Lahadin da ta wuce na hango shi a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, da aka tashi ya fita da sauri kafin kowa ya gaishe shi. Na gaya wa shugaban matasa, mako mai zuwa ya je ya zauna kusa da shi.

Allah ya ba mu ikon gyarawa, ya tsare mana 'ya'yanmu, ya kuma ba shugabanninmu zuciyar gaskiya. Amin.